Irmiya 29:11: Wa aka yi wa wannan alkawari, kuma yana da rabo a kanmu yau?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana a cikin Ubangiji. Tambayata a kan Irmiya sura 29 aya 11 ce, ayar da kusan kowane mai bi ya haddace, inda Ubangiji yake cewa ya san nufin da yake da shi game da mutanensa, nufi na alheri wanda babu masifa a cikinsa, domin ya ba su makoma da abin sa zuciya. Ana yawan karanta ta ga wanda ya gama karatu, ko mai shirin aure, ko mai neman aiki, kuma abin da ake fahimta shi ne, duk abin da mutum ya sa gaba zai yi kyau nan ba da daɗewa ba. Amma da na karanta surar tun daga farkonta, sai na ga ashe wasiƙa ce da aka aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 tana cewa sai shekara 70 sun cika kafin Allah ya komo da su. Wanda ya ji wannan wasiƙa yana da shekara 40 a duniya, da wuya ya ga cikar alkawarin da idonsa.

Ina roƙon masu ilimi su bayyana mini halin da ake ciki lokacin da annabi Irmiya ya rubuta wasiƙar, sa'an nan su gaya mini ko mai bi na yau yana da ikon riƙe wannan aya a matsayin alkawarin da aka yi masa, ko kuwa ta tsaya a kan waɗanda aka rubuta wa kaɗai.

Tsohon Malami ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika koma farkon surar, domin rabin amsar tana can. Zan ba ki tarihin tukuna, tun da shi kika fara tambaya.

Yahuza ƙaramar ƙasa ce da ta sami kanta tsakanin manyan dauloli biyu, Masar da Babila. A shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnesar na Babila ya ci rundunar Fir'auna Neko na Masar da yaƙi a Karkemish, a bakin kogin Yufiretis, daga nan kuma yankin duka ya koma ƙarƙashin ikon Babila. Yehoyakim sarkin Yahuza ya yi biyayya shekara 3, sa'an nan ya tayar. Ya mutu kafin hukuncin ya sauka, ya bar ɗansa Yekoniya, saurayi mai shekara 18, wanda wata 3 kacal ya yi a gadon sarauta kafin ya miƙa wuya a shekara ta 597. Babilawa ma sun rubuta wannan a nasu tarihin, a kan wani allon yumɓu da ke Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan, inda aka ce a shekara ta 7 ta sarautar Nebukadnesar, ran 2 ga watan Adar, ya ci birnin Yahuza, ya kama sarkinsa, ya naɗa wanda ya ga dama. Wanda aka naɗa ɗin shi ne Zadakiya, ƙanen mahaifin Yekoniya. Aka tafi da sarki da mahaifiyarsa da fadawa da jarumawa da masassaƙa da maƙera, kuma Ezekiyel firist yana cikin waɗanda aka kwashe.

Ki lura da abu ɗaya da mutane da yawa suke mantawa: lokacin da aka rubuta wasiƙar, Haikali yana nan tsaye, Urushalima ma ba a ƙone ta ba, sai bayan kimanin shekara 10. Saboda haka begen komawa gida da wuri bai zama kamar mafarki ga kowa ba. Sura 27 ta nuna jakadun Edom da Mowab da Ammon da Taya da Sidon sun taru a Urushalima wurin Zadakiya, kuma a lokacin ne Irmiya ya ɗaura karkiya a wuyansa, ya aika wa sarakunansu saƙo cewa duk al'ummar da ta ƙi sunkuyar da kai ga sarkin Babila za ta hallaka. A sura 28 sai ga Hananiya ɗan Azzur, annabi daga Gibeyon, ya tsaya a cikin Haikali gaban firistoci da jama'a, ya yi magana da sunan Ubangiji cewa cikin shekara 2 za a komo da kayan Haikali da Yekoniya da dukan waɗanda aka kwashe. Abin da ya fi taɓa ni a wannan labari shi ne amsar Irmiya ta farko, domin cewa ya yi Amin, Ubangiji ya sa haka ta faru. Shi ma yana ƙaunar mutanensa, kuma da son ransa ne da maganar Hananiya ce ta tabbata. Amma ya tunatar da jama'a cewa annabin da ya yi annabcin salama, sai maganarsa ta cika ake sanin Allah ne ya aiko shi. Hananiya ya karya karkiyar itacen, Ubangiji ya ce ta ƙarfe za ta maye gurbinta, kuma wata 2 bayan haka Hananiya ya mutu.

A cikin wannan yanayi ne Irmiya ya ba Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya wasiƙa, su kuwa jakadu ne da Zadakiya ya aika wurin Nebukadnesar. A cikin wasiƙar, Irmiya ya umarci waɗanda suke Babila su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure, su aurar da 'ya'yansu har su ga jikoki, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce lafiyarsu. Ki karanta Zabura 137 ki ji irin ɗacin da ke zuciyar mutanen da suka zauna a bakin kogunan Babila, sai ki gane nauyin a ce musu su yi wa Babila addu'a.

Mun ma san yadda wasu suka karɓi wasiƙar. Shemaiya mutumin Nehelam ya rubuto daga Babila zuwa ga Zafaniya firist, yana tambayar dalilin da ya sa ba a tsawata wa Irmiya ba, alhali aikin firist ne ya sa duk mahaukacin da ke kiran kansa annabi a turu. Laifin da ya kawo shi ne Irmiya ya ce zaman zai daɗe, su gina gidaje. Ashe surar da muke ɗauko ayar ta'aziyya daga cikinta, mummunan labari ce a kunnen wasu daga cikin waɗanda suka fara jin ta.

To, aya 11 tana amsa wata tambaya ce da ke cin zuciyarsu: shin Allah ya yashe mu ne? Ezekiyel 11:15 ta nuna mutanen da suka rage a Urushalima suna cewa waɗanda aka kwashe sun yi nisa da Ubangiji, ƙasar kuma ta zama tasu. A Irmiya 24 kuwa, cikin wahayin kwanduna biyu na ɓaure, Ubangiji ya ce waɗanda aka kwashe su ne ɓaure masu kyau. Alkawarin ga jama'a ɗaya aka yi shi, cewa hukuncin da suke sha yana da iyaka, kuma Allah bai gama da su ba.

Uwa Mai Addu'a ta amsa:

Malam, na gode ƙwarai da wannan bayani, na kuma ƙaru da shi. Sai dai ina da fargaba guda, kuma ina so in faɗe ta da ladabi. Na sha ganin an yi wa mai bi bayanin tarihi har ya tashi yana jin an ƙwace masa ayar da ya dogara da ita a lokacin ciwo ko rashi. Idan muka ce wannan magana ta mutanen Babila ce, to, wace magana ce a Littafi Mai Tsarki da ba a fara faɗa wa wasu ba? Wasiƙun manzo Bulus ga ikkilisiyoyin Koranti da Galatiya da Filibi aka rubuta su, Zabura kuma addu'o'in mutanen da suka riga mu ne da shekaru dubbai, amma ba wanda ya hana mu yin addu'a da su. Bulus da kansa ya ce a Romawa 15:4, duk abin da aka rubuta a dā domin koyarwarmu aka rubuta shi, domin ta wurin haƙuri da ta'aziyyar Nassi mu kasance da sa zuciya.

Ku dubi Daniyel a sura 9. Yana Babila, ya tsufa, ya karanta maganar Irmiya a kan shekara 70, sai ya ɗauke ta ya kai gaban Allah da azumi da tsummoki da toka, yana furta zunubinsa da na mutanensa. Bai ajiye ta a matsayin labarin da ya wuce ba.

Akwai kuma masu bi da yawa da ba su taɓa jin sunan Karkemish ba, ba kuma za su ji ba, amma Ruhu Mai Tsarki yana ta'azantar da su ta wannan aya. Ba na so 'yarmu ta tafi da tunanin cewa sai mai zurfin karatu ne yake da rabo a Maganar Allah.

Ɗalibin Tauhidi ya amsa:

Mama, maganarki ta ƙarshe gaskiya ce, kuma idan aka duba, kusan duk abin da Malam ya kawo yana cikin Littafi Mai Tsarki da ke hannun kowa, a 2 Sarakuna 24 da Irmiya 27 zuwa 29. Abin da ake bukata shi ne mutum ya karanta surori uku maimakon aya ɗaya. Ina so in ƙara bayani a kan shekara 70 ɗin da kuma abin da ya faru da mutanen bayan sun sami wasiƙar.

Masana ba su tsaya a kan lissafi ɗaya ba. Aya ta 10 ta danganta shekarun da Babila, don haka wasu suna ƙirga su a matsayin zamanin mulkinta, daga wajen 609 ko 605 zuwa 539, shekarar da Sairus na Farisa ya ci birnin. Wasu suna ƙirgawa daga rushewar Haikali a 586 zuwa kammala ginin na biyu a shekara ta 6 ta sarautar Dariyus, wajen 516, kuma Zakariya 1:12 tana goyon bayan irin wannan fahimta. Wasu kuma suna ganin adadin yana nufin tsawon ran mutum, kamar yadda Zabura 90:10 ta faɗa, kamar kuma yadda Ishaya 23:15 ta yi wa Taya irin wannan wa'adi. Ni na fi karkata ga cewa wanda ya fara jin wasiƙar abin da ya fahimta shi ne: ni ba zan koma ba, sai dai 'ya'yana ko jikokina. Duk da haka, Ezra 3:12 ta nuna akwai tsofaffi da suka ga Haikali na fari kuma suka ga an sa harsashin na biyu, suka yi kuka da babbar murya a lokacin da sauran jama'a suke sowa.

Abin da aka haƙo daga ƙasa ya ƙara haske sosai. A tonon da Bajamushe mai binciken kayan tarihi Robert Koldewey ya jagoranta a Babila tsakanin 1899 da 1917 an sami allunan rabon abinci na fada, waɗanda aka wallafa a 1939, suna ambaton Yekoniya sarkin Yahuza da 'ya'yansa 5 a cikin masu karɓar mai daga taskar sarki. Wannan ya dace da ƙarshen 2 Sarakuna 25, inda aka ce a shekara ta 37 ta bautarsa Ewil-merodak sarkin Babila ya fito da shi daga kurkuku ya ba shi abinci a teburin sarki. Akwai kuma alluna kimanin 200 da suka shafi wani gari da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, mafi tsufa a cikinsu daga shekara ta 572 ne. Takardun bashi ne da haya da haraji da aure da gado, kuma sunayen mutane da yawa a cikinsu suna ɗauke da sunan Ubangiji. Ya kamata in faɗa cewa waɗannan alluna daga hannun masu sayar da kayan tarihi suka fito, ba a san takamaiman inda aka haƙo su ba, wannan kuwa ya rage wani abu daga darajar shaidarsu. Duk da haka hoton da suke bayarwa a fili yake: mutane ne da aka ba su gonakin gwamnati su noma, su biya haraji, su yi wa sarki hidima, kuma zuriya bayan zuriya suna riƙe da sunan Allahnsu. Wato sun yi abin da Irmiya ya ce su yi.

Bayan Sairus ya ba da izini a 538, Ezra 2:64 ta ƙirga mutum 42,360 da suka koma, amma da yawa sun zauna. Ezra daga Babila ya fito bayan shekaru masu yawa, Nehemiya kuma a fadar Shushan yake hidima, kuma al'ummar Yahudawa ta ci gaba da zama a wannan ƙasa ƙarni bayan ƙarni, har daga cikinta aka sami Talmud na Babila, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Mama, na gode ɗan'uwa. Tarihin ya fito mini sarai, amma kashi na biyu na tambayata yana nan. Mama ta ce ayar tamu ce, Baba kuma ya nuna cewa ga jama'ar da aka kwashe aka faɗe ta. Idan aka ce mini in yi wa wanda yake cikin damuwa magana daga wannan aya, me zan iya faɗa masa da tabbaci, me kuma bai kamata in yi masa alkawari ba?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

'Yata, ni da Mama ba mu saɓa ba. Ayar tamu ce, kuma misalin Daniyel da ta kawo ya yi daidai. Amma ki duba yadda Daniyel ya riƙe ta: ya riƙe ta tare da hukuncin da ke cikinta, da shekarun jira, da kiran tuba na aya 12 zuwa 14, inda aka ce za su sami Ubangiji idan sun neme shi da dukan zuciya, maganar da ta samo tushe tun daga Maimaitawar Shari'a 4:29 da sura 30. Bai yanko aya ɗaya ya bar sauran ba.

Sabon Alkawari ya nuna mana hanyar da wannan wasiƙa ta iso gare mu. Manzo Bitrus ya kira masu bi baƙi da masu zaman baƙunci a warwatse, ya umarce su su yi halin kirki a cikin al'ummai, su girmama masu mulki, a ƙarshen wasiƙarsa ta fari kuma ya aiko da gaisuwa daga Babila, sunan da yawancin masu fassara suke ɗauka yana nufin Roma. Bayan an washe Roma a shekara ta 410 bayan haihuwar Almasihu, Agustin bishop na Hippo ya kawo Irmiya 29:7 a cikin littafinsa a kan birnin Allah, domin ya koya wa Kirista su yi addu'a saboda zaman lafiyar duniyar da suke baƙunci a cikinta. Ikkilisiya ta daɗe tana ganin kanta a cikin wannan sura, kuma a matsayin jama'a take ganin kanta, kowane mai bi yana da rabo domin yana cikinta.

Abin da za ki iya faɗa wa mai damuwa da tabbaci shi ne, wahalar da yake ciki ba shaida ce ta cewa Allah ya yashe shi ba, nufin Allah ga mutanensa alheri ne har a lokacin da yake horon su, kuma akwai aikin da zai yi a inda yake yau, na gini da shuka da addu'a, ko da wurin ba shi ya zaɓa ba. Abin da bai kamata ki yi masa alkawari ba shi ne lokaci, ko kuma cewa abin da shi ya shirya wa kansa shi ne zai tabbata. Wannan yana damuna ƙwarai, domin duk sa'ad da muka ce wa mutum bisa ga wannan aya zai sami abin da yake nema cikin shekara ɗaya ko biyu, saƙon Hananiya muka ɗauka muka sa a bakin Irmiya. Idan lokacin ya wuce abin bai samu ba, sai mutumin ya zargi Allah da saɓa alkawarin da bai taɓa yi ba, kuma na ga bangaskiyar mutane ta raunana ta wannan hanya.

Ki tuna da wanda ya rubuta wasiƙar. A sura 32, yana tsare a filin matsara, sojojin Babila sun kewaye birnin, ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa Baruk magatakardansa ya ajiye takardun cinikin a tukunyar ƙasa domin su daɗe, shaida cewa za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Ya ga an ƙone Haikali, bayan kisan Gedaliya, gwamnan da Babilawa suka naɗa a Yahuza, kuma aka tafi da shi Tafanes ta Masar ba da son ransa ba. Ibraniyawa 11 ta ce akwai waɗanda suka mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, sun hango shi daga nesa suka yi murna da shi.

Ga shawarata a kan karatu. Lambobin sura da aya taimako ne da aka ƙara daga baya, rabon surori a ƙarni na 13 aka yi shi, kuma sauƙin da suka kawo wajen nemo wuri shi ne ya sa muke saurin ɗauko jimla ɗaya mu bar maƙwabtanta. Littafin Irmiya kuma ba a jera shi bisa tsarin shekaru ba, sura 21 tana zamanin Zadakiya, sura 25 da 36 kuma sun koma baya zuwa shekara ta 4 ta Yehoyakim, don haka ki riƙa duba sunan sarkin da aka ambata a farkon kowace sura. Ki fara da 2 Sarakuna 24 da 25, ki bi da Irmiya 24, sa'an nan 27 zuwa 29 a zama ɗaya, ki ƙarasa da 30 zuwa 33, inda alkawarin sabon alkawari yake a 31:31 zuwa 34. Idan kuma aka ba ki dama ki karanta wa wani, ki fara daga aya 4 ki kai aya 14.